Tsohuwar Rijiya da Sabon Guga: Tarihin Exxon da Neman Riba a Wajen Fetur

Gabatarwa

A watan Oktoba na 2019 aka sanar da cewa kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai ta faɗa hannun mutum uku, saboda aikin da suka yi wajen samar da batirin litiyam, wato batirin da ke cikin wayar salula da kwamfutar tafi-da-gidanka da motar lantarki. Ɗaya daga cikinsu, Stanley Whittingham, a ɗakin binciken kamfanin man fetur na Exxon ya yi babban aikin da ya jawo masa wannan daraja, a jihar New Jersey ta Amurka, cikin shekarun 1970. Kamfanin ya ɗauki nauyin binciken, ya yi rajistar mallakar fasahar, har ya ƙera batiran gwaji, sannan ya naɗe tabarmarsa ya koma haƙar mai. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara kai batirin litiyam kasuwa a 1991, kuma a yau kamfanonin Sin da Koriya ta Kudu da Japan ne ke kwasar garaɓasar wannan ciniki.

Shekara huɗu bayan kyautar, a Nuwamba 2023, sai ga wannan kamfani, wanda yanzu ake kira ExxonMobil, ya shelanta cewa zai fara haƙo litiyam a jihar Arkansas. Wannan ɗaya ne daga cikin sababbin harkokin da ya tsunduma ciki: binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa, samar da makamashin haidirojin, da ƙera sababbin kayayyaki daga sinadaran matata. Tambayar da masu hannun jari da masu fafutukar kare muhalli ke yi ita ce: shin waɗannan harkoki za su kawo riba, ko kuwa ado ne kawai da za a tuɓe idan biki ya watse?

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Kamfanin da ya haura shekara 140 a duniya ya riga ya bar sawun da za a bi. Wannan maƙala za ta bi sawun, domin ta nuna cewa duk lokacin da kamfanin ya ci riba a sabuwar sana'a, abubuwa uku ne suka haɗu: sana'ar ta tsiro daga abin da ya riga ya iya, akwai mai saye da ke biya don buƙatar kansa, kuma an yi haƙuri da ita har ta kafu. Duk lokacin da ɗaya ya ɓace, asara ce ta biyo baya.

Riba daga abin da ake zubarwa

Tun asali sana'ar mai sana'ar haske ce. Bayan da Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa a jihar Pennsylvania a 1859, abin da ake nema a cikin ɗanyen mai shi ne kananzir na fitila. A kansa John D. Rockefeller ya gina kamfanin Standard Oil, wanda ya kafa a birnin Cleveland a 1870. A wancan zamani fetur ɓarna ne mai haɗari, saurin kama wutarsa ya sa ba a iya zuba shi a fitila, har wasu matatu kan malalar da shi cikin kogi don su rabu da ƙaya. Da Thomas Edison ya fito da ƙwan lantarki a 1879, sai kasuwar kananzir ta fara hango ajalinta a manyan birane. Abin da ya ceci sana'ar shi ne mota, musamman bayan da Henry Ford ya fito da samfurin Model T a 1908. Abin da ake zubarwa jiya ya zama shi ne uwar riba.

A 1911 kotun ƙolin Amurka ta tarwatsa Standard Oil gida 34 saboda kane-kane a kasuwa. Biyu daga cikin 'ya'yan su ne abin duba a nan: na New Jersey, wanda ya yi ciniki da sunan Esso kafin ya koma Exxon a 1972, da na New York, wanda ya zama Mobil, sunan da muka sani a gidajen mai na ƙasarmu. Su biyun suka sake haɗewa a 1999.

Sauyi daga kananzir zuwa fetur shi ne babban juyi na farko a tarihin kamfanin, kuma a cikin ganga ɗaya ya faru. Haka sauran nasarorin suka kasance. Man basilin da muke shafawa lokacin hunturu ya samo asali ne daga wani kitse da ke manne wa ƙarafan rijiyar mai yana damun ma'aikata. Robert Chesebrough ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872, kamfaninsa kuma ya zauna a ƙarƙashin Standard Oil har 1911. A 1920, a matatar Bayway da ke New Jersey, kamfanin ya fara sarrafa iskar da ke fita daga matata zuwa sinadarin isopropil, wanda ake ɗauka shi ne sinadarin fetur na farko da aka samar don kasuwa. A 1937 masanansa biyu, William Sparks da Robert Thomas, suka ƙirƙiro robar butil, wadda ta fi robar itace riƙe iska nesa ba kusa ba. Da Japan ta mamaye gonakin roba na kudu maso gabashin Asiya a 1942, gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi aka gina masana'antun robar sinadari cikin gaggawa. Yaƙi ya ƙare, tallafi ya tsaya, amma robar butil ta ci gaba da sayuwa, domin duk mai taya yana son wadda ba ta sacewa. Har gobe ExxonMobil na cikin manyan masu samar da ita a duniya.

Idan aka dubi waɗannan nasarori za a ga kamanni ɗaya. Ɗanyen kayan yana hannu, kusan kyauta. Gwanintar da ake buƙata ita ce ta yau da kullum, wato tacewa da dafawa da haɗa sinadarai. Mai saye kuwa yana miƙo kuɗinsa ne don kayan sun yi masa amfani. Inda gwamnati ta sa hannu, kamar a batun roba, tsani ta kafa na ɗan lokaci, aka hau aka wuce.

Shekarun tsoro da kwaɗayi

A Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta mai saboda yaƙin da ake yi da Isra'ila. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Wannan ya jefa manyan kamfanonin mai cikin wani hali mai ban mamaki: aljihunsu ya cika taf, zukatansu kuma suka cika da tsoro. Ƙasashe na ƙwace rijiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Benezuwela ta karɓe harkar manta a 1976, har da reshen Exxon da ke can, Saudiyya kuma ta kammala mallake Aramco a 1980. Masana da yawa na lokacin sun yi imani cewa man duniya ya kusa ƙarewa. Kuɗi ga su, gobe kuwa babu tabbas, sai kowane kamfani ya bazama neman wata sana'a.

Mobil ta sayi kamfanin da ke da rukunin kantunan Montgomery Ward tsakanin 1974 da 1976. ARCO ta sayi kamfanin tagulla na Anaconda a 1977. Exxon kuwa ta fi kowa baza komarta. Ta shiga harkar makamashin nukiliya, da kwal, da tagulla a ƙasar Chile. Ta kafa Solar Power Corporation a 1973, inda Elliot Berman ya karya farashin farantin sola daga wajen dala 100 zuwa dala 20 a kan kowane wat. Ta ɗauki nauyin batirin Whittingham. Ta zuba jari a kamfanin Zilog mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta kuma haɗa sashen kayan ofis mai sayar da tafiretar lantarki da na'urar fakis, da niyyar yin gogayya da IBM da Xerox. A 1979 ta biya dala biliyan 1.2 ta sayi Reliance Electric mai ƙera injinan lantarki, bisa dogaro da wata na'ura da ta ce za ta rage cin wuta ƙwarai. Kafin shekara biyu ta cika, ta yarda cewa na'urar ba za ta iya shiga kasuwa ba saboda tsada.

Mafi ɗacin labarin shi ne na Colony, a yammacin jihar Colorado. A can akwai duwatsu masu ɗauke da wani maiƙo da ke zama mai idan an gasa su. Exxon ta shiga aikin a 1980, lokacin da ake hasashen farashin mai zai ci gaba da hawa ba iyaka. Aka fara gina sabon gari sukutum domin ma'aikata, mutane suka yi ƙaura da iyalansu, 'yan kasuwa suka ci bashi suka buɗe shaguna. Sai kuɗin aikin ya kumbura ya haura dala biliyan 5, farashin mai kuma ya soma sauka. Ranar Lahadi, 2 ga Mayu 1982, kamfanin ya sanar da rufe aikin, mutum sama da 2,000 suka wayi gari babu abin yi. Mazauna yankin har yau suna kiran ranar Baƙar Lahadi.

Daga nan sai aka shiga sallamar 'ya'yan riƙo. An rufe kamfanin sola a 1984, an rabu da kayan ofis a tsakiyar shekarun 1980, an sayar da Reliance a 1986, shekarar da farashin ganga ya faɗo zuwa wajen dala 10, an kuma saki Zilog a 1989. Mobil ma ta rabu da kantunanta a 1988.

Dalilan faɗuwar sun kasu biyu, kuma rarrabe su na da muhimmanci. A harkar kayan ofis da kantuna, kamfanin ya shiga gonar da ba tasa ba. Mutanen da suka saba tsara aikin shekara talatin ba su iya kasuwar da samfuri ke tsufa cikin wata goma sha takwas ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A harkar sola da batir kuwa, hangen daidai ne, lokaci ne bai yi ba, haƙuri kuma ya gaza. Batirin Whittingham yana da matsalar kama wuta, sai da John Goodenough a 1980 da Akira Yoshino a 1985 suka ƙara nasu gyaran kafin ya zama abin da za a sa a aljihu. Sola kuwa sai da ta jira wajen shekara talatin, da tallafin Jamus da masana'antun Sin, kafin ta yi arha. Kamfanin da ke auna kowane aiki da ribar rijiyar mai ba ya iya jira irin wannan.

Komawa gida da ɗan leƙe waje

Darasin ya shiga jikin Exxon sosai. Shekaru da dama bayan haka ta tsaya kan mai da gas da sinadarai, ta zama abin misali wajen tsantseni da kuɗi. Ta kuma yi suna wajen jayayya da batun ɗumamar yanayi, duk da cewa masananta sun gabatar wa shugabanninta bayani kan haɗarin iskar kabon tun 1977, kamar yadda binciken 'yan jarida ya bankaɗo a 2015.

Leƙe ɗaya da ta yi waje shi ne na gansakuka. A 2009 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Synthetic Genomics na masanin ƙwayoyin halitta Craig Venter, da nufin noman gansakuka mai maiƙo don a tace ta ta zama man mota. An yi ta tallata aikin a talabijin, an sa burin ganga 10,000 a rana kafin 2025. Bayan kashe sama da dala miliyan 350, kamfanin ya janye, labarin ya fito a farkon 2023. Kimiyyar ta ci gaba, amma ba a kai inda gangar man gansakuka za ta yi gogayya da gangar rijiya ba.

Abokan hamayyarta na Turai sun bi wata hanya. BP ta Birtaniya ta daɗe tana ƙera farantan sola kafin ta rufe sashen a 2011. A 2020 ta yi alƙawarin rage haƙar mai da gas da kashi 40 cikin ɗari kafin 2030, ta karkata ga lantarkin iska da rana. A 2023 ta sassauta alƙawarin zuwa kashi 25, a Fabrairu 2025 kuma ta jingine shi, saboda masu hannun jari sun ga ribar lantarki ba ta kai ta mai ba. A gefe guda, kamfanin Neste na Finland, wanda asalinsa matatar mai ce, ya fara sarrafa kitse zuwa man dizal a 2007, har wannan sashe ya zama babban tushen ribarsa. Neste bai bar sana'ar tacewa ba, ɗanyen kayan kawai ya sauya. Sai dai kasuwarsa ta dogara da dokokin da ke tilasta gauraya irin wannan mai, shi ya sa ribarsa ta yi ƙasa ƙwarai a 2024 da farashi ya karye.

Sabon zagaye

Shekarar 2020 ta girgiza ExxonMobil. Annobar korona ta durƙusar da farashin mai, kamfanin ya yi asarar dala biliyan 22.4, aka kuma cire shi daga jerin kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones. A Fabrairu 2021 ya kafa sashen harkokin rage kabon. A watan Mayu na shekarar, wani ƙaramin kamfanin zuba jari mai suna Engine No. 1, wanda hannun jarinsa bai wuce kashi 0.02 cikin ɗari ba, ya shawo kan manyan masu jari suka ɗora mutum uku nasa a kwamitin daraktoci, bisa hujjar cewa kamfanin ba shi da shirin gobe.

Shugaban kamfanin, Darren Woods, ya zaɓi hanyar da ke nuna ya karanta tarihin gidansu. Ya ƙi shiga harkar lantarkin iska da rana, yana mai cewa gwanintarsu a sarrafa sinadarai take. Duk abin da ya zaɓa yana da jiɓi da rijiya ko bututu ko matata. Ta wannan fuska sharaɗi na farko ya cika fiye da yadda ya cika a shekarun 1970. Saura na biyu da na uku, kuma a nan ne harkokin suka rabu.

Binne iskar kabon aiki ne da kamfanonin mai suka daɗe da iyawa. Tun 1972 ake tura wannan iska cikin tsofaffin rijiyoyi a Texas don ta ingizo sauran man da ya maƙale. Exxon na kama ta a LaBarge da ke jihar Wyoming tun 1986. A 2023 ta sayi kamfanin Denbury a kan dala biliyan 4.9, ta mallaki bututun kabon mai tsawon sama da kilomita 2,000, mafi yawansa a yankin gaɓar Tekun Meziko inda masana'antu suka yi cincirindo. Ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin takin zamani na CF Industries a 2022 kan kwashe har tan miliyan 2 a shekara daga masana'antarsa ta Louisiana, sannan da Linde da kamfanin ƙarfe na Nucor.

Matsalar ita ce wannan aiki kwasar shara ne, kuma babu mai biyan kuɗin kwasar shara muddin zubarwa a titi kyauta ce. Tarihi ya tabbatar da haka. Aikin Sleipner na Norway, wanda ya fara binne wajen tan miliyan ɗaya a shekara a 1996, ya samu ne saboda harajin kabon da ƙasar ta ƙaƙaba a 1991, har binnewa ta fi biyan haraji sauƙi. Aikin Petra Nova na Texas, wanda ya dogara da sayar da iskar ga rijiyoyin mai, an dakatar da shi a 2020 da farashin mai ya faɗi, sai 2023 ya farfaɗo. A Amurka babu harajin kabon na ƙasa baki ɗaya. Abin da ke akwai shi ne rangwamen haraji, wanda dokar Agusta 2022 ta ɗaga zuwa dala 85 a kan kowane tan da aka binne, na tsawon shekara 12. Lissafin mai sauƙi ne: tan miliyan 2 sau dala 85 ya ba da dala miliyan 170 a shekara, kuma daga ciki ne mai masana'anta zai biya kuɗin kama iskar, mai bututu ya biya kuɗin ɗauka da binnewa. A masana'antar taki, inda iskar ke fita kusan tsantsarta, akwai rarar da za a raba. A tashar lantarki ko masana'antar siminti, inda take gauraye da wasu iskoki, kuɗin kamawa na iya cinye rangwamen duka. Dokar da aka sa wa hannu a Yuli 2025 ta bar wannan rangwame, amma abin da majalisa ta bayar, majalisa na iya karɓewa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Haidirojin ya riga ya nuna abin da rashin mai saye ke haifarwa. Kamfanin ya tsara gina masana'anta a Baytown da ke Texas, wadda za ta samar da ƙafa biliyan ɗaya ta wannan iska a kowace rana daga gas, tare da binne kabon ɗin da ya fita. Fasahar sananniya ce, matatu sun daɗe suna yin haidirojin don amfanin kansu. Amma masu saye sun ƙi ɗaure kansu da kwangilar dogon lokaci a farashin da ya fi na haidirojin na yau da kullum, sai aka dakatar da aikin a ƙarshen 2025.

Litiyam yana da mai saye na gaskiya. A kudancin Arkansas, can ƙasa da zurfin wajen ƙafa 10,000, akwai ruwan gishiri mai ɗauke da shi, kuma a 2023 kamfanin ya mallaki haƙƙin eka 120,000. Aikin shi ne a haƙa rijiya, a zuƙo ruwan, a cire litiyam, a mayar da ruwan inda ya fito, wato kusan abin da mai haƙar mai ke yi kullum. Haɗarin na farashi ne. Daga ƙololuwar da ya kai a ƙarshen 2022, farashin litiyam ya faɗi da sama da kashi 80 cikin ɗari cikin ƙasa da shekara biyu, saboda kaya sun yi yawa a kasuwa. Colony ma a kan hasashen farashi aka gina shi. Wanda zai tsira a irin wannan kasuwa shi ne mai arhar samarwa, kuma fasahar cire litiyam kai tsaye daga ruwan gishiri sabuwa ce da ba ta gama nuna kanta a babban mataki ba.

Sababbin kayayyaki su ne suka fi kama da nasarorin dā. A 2021 kamfanin ya sayi Materia, wanda aka gina a kan binciken Robert Grubbs, mai kyautar Nobel ta 2005. Daga nan aka samu Proxxima, wani irin ƙaron roba mai tauri da ake yi daga sinadaran da a da cikin fetur za su ƙare. Ana haɗa shi da zaren gilashi a yi rodin gini da ba ya tsatsa, wanda ya fi na ƙarfe rashin nauyi, ana kuma amfani da shi a fukafukan injin iska da rufin bututu. Akwai kuma girafait, baƙin sinadarin nan na bakin fensir, wanda kowane batirin litiyam ke buƙata, ana kuma iya yin sa daga dagwalon da ke saura a gindin matata. Sin ce ke riƙe da sama da kashi 90 cikin ɗari na girafait ɗin batir, shi ya sa Amurka ke neman nata, ExxonMobil kuma ta sayi masana'antar Superior Graphite da ke Kentucky a 2025. Wannan shi ne labarin basilin da robar butil a sabuwar riga: abu mai arha a matata ya koma abu mai daraja a kasuwa. Amma maginin da ya gaji rodin ƙarfe ba ya sauyawa da sauri, sai ƙa'idojin gini sun amince, sai an ga gadar da ta shekara ashirin ba ta tsage ba. A girafait kuma dole a kara da farashin masana'antun Sin.

Ma'aunin haƙuri

Sharaɗi na uku shi ne mafi wuya, domin a cikin kamfanin mai sabuwar sana'a ba da asara kaɗai take kokawa ba, da yayarta take kishi. A 2022 ExxonMobil ta ci ribar dala biliyan 55.7, mafi girma a tarihinta. Kowace dala da za a kai ramin kabon ko ruwan litiyam, akwai rijiya a Guyana ko a yankin Permian na Texas da ke kiran ta da alƙawarin riba mafi tsoka. Inda kamfanin ya sa kuɗinsa ya fi abin da ya faɗa bayyana zuciyarsa. A shekarar da ya sayi Denbury a kan dala biliyan 4.9, a cikinta ya amince ya sayi kamfanin haƙar mai na Pioneer a kan dala biliyan 59.5, ninki goma sha biyu ke nan. A Disamba 2024 ya ce zai zuba har dala biliyan 30 a harkokin rage kabon tsakanin 2025 da 2030. Shekara guda bayan haka adadin ya sauko zuwa wajen biliyan 20. Wanda ya san labarin 1982 zuwa 1986 ba zai yi mamaki ba.

Kammalawa

Amsar da tarihi ya bayar mai rassa ce. Sababbin kayayyaki irin su Proxxima da girafait su ne suka fi kusa da cika sharuɗɗan uku, kuma za su iya kawo riba mai ɗorewa, ko da yake sai an yi shekaru kafin ta yi nauyin da za a ji a littafin kamfani mai wannan girma. Litiyam zai yi riba idan kuɗin samarwa ya yi ƙasa har ya jure faɗuwar kasuwa. Binne kabon zai yi riba a masana'antu ƙalilan, gwargwadon tsawon ran doka, kuma ba zai zama babbar sana'a ba sai ranar da sakin hayaƙi ya daina zama kyauta. Haidirojin kuwa yana jiran mai saye.

Wannan batu ya wuce aljihun masu hannun jari. Duniya na sakin sama da tan biliyan 35 na iskar kabon a kowace shekara daga mai da gas da kwal, alhali a farkon 2025 duk ayyukan kama ta da ke aiki ba su wuce wajen tan miliyan 50 ba. Mu da ke zaune a bakin Sahara, inda zafi ke ƙaruwa, damina ke rikicewa, muna cikin masu biyan kuɗin wannan giɓi ba tare da mun ci ribarsa ba. Saboda haka bai kamata a zauna jiran kamfanin mai ya sauya hali don tausayi ba. Tarihinsa ya nuna yana bin riba duk inda ta nufa, daga fitila zuwa mota, daga mota zuwa roba, yana kuma juya baya da zarar ta ɓace. Aikin gwamnatoci da masu saye ne su sa tsabtar iska ta zama abin da ake biya, sa'an nan guga zai sauka da kansa. Idan ba a yi haka ba, mai yiwuwa nan da shekara arba'in a sake ba wani masani kyauta kan fasahar da aka ƙirƙira a ɗakin binciken Exxon, wasu kuma can daban su ci amfaninta.